Ƙofar da Ba Ta da Ƙyaure

Ƙarfe biyun dare a Heidelberg.
Kowa ya watse, sai ni da gunjin firji,
da warin yis mai kama da kwaɓin burodi,
da gahawar da Ortwin ya manta a kan taga,
ta huce tun faɗuwar rana.

Na kashe fitila, na duƙa kan madubi.
Ga ƙwayoyin yis, kowacce da cibiyarta.
Mun shafa wa babban ɓari koren haske
don mu san inda yake kwana.

Ba a haihuwar ribosom a dunƙule.
Ɓari biyu ne, babba da ƙarami,
can ƙuryar cibiya ake harhaɗa su.
Hannu ya fi ɗari biyu a kansu:
wannan ya datse zare, wancan ya naɗe,
wani ya toshe musu baki da gangan
kada su soma aiki tun a gida.
Ba a hura wuta a ɗakin ajiyar littattafai.

Sai an zo bakin ƙofa.
Ba ƙyaure, ba sakata,
gashi ne cunkus, sili-sili, yana kaɗawa,
ƙanƙane ya sulale, ƙato ya maƙale.
Shi ko babban ɓari ya kusa cika ƙofar,
ba ya fita sai da ɗan rakiya.
Nmd3 muke ce masa, suna marar daɗin faɗa.
Wanda ya nuna kaɗai yake dafa wa kafaɗa,
ya yafito Crm1, masanin hanya,
su kutsa tare. Kafin ka ƙifta ido an fita.
'Yan rakiya su saki hannu, su juya,
akwai wani a layi.

Mahaifina Eckehard, shekara talatin da ɗaya
yana tsaron ƙofar ruwa a kogin Neckar.
Jirgin kwal zai shigo, saura taƙi ɗaya kowane gefe,
shi kuwa ba jirgin yake kallo ba,
igiya yake kallo, da hannun mai riƙon ta.
Yakan ce, "Gesine, ba girma ke hana wucewa ba."
Bai taɓa ƙarasa maganar ba.

Ɗazu na ɗaga zafi zuwa talatin da bakwai.
Ɗan rakiyar da muka raunana ya sheme.
Awa biyu, koren ya daina fita,
ya taru a cibiya, ɗigo guda mai ƙuna
kamar idon kyanwa a ƙarƙashin mota.
An gama ƙira, babu mai fitarwa.
Gida ya cika maƙil, gari na jiran ma'aikata.
Wata takwas muna farautar wannan hoto.
Da tsalle ya kamata in yi.
Sai na rubuta lokaci a littafi, na rufe alƙalami.

Ƙarfe bakwai Jannes zai hau jirgin ƙasa,
Rostock, koyon waldar jiragen ruwa.
Jakarsa na jingine da ƙofa tun Talata.
Takardar da ke jiran sa hannuna,
na ce masa ban gan ta ba.
Tana aljihun farar rigar nan,
na ninke ta huɗu.

Ƙaramin ɓari ma shi kaɗai yake fita,
da nasa 'yan rakiya, a nasa lokaci.
A waje ake cire musu sauran takunkumi,
a waje suke gamuwa, a kan zaren saƙo,
su karanta shi baƙi uku-uku,
su ƙera abin da cibiya ta rubuta
amma ba za ta iya ƙerawa ba.

Na mayar da zafi ashirin da biyar.
Na jira. Firji ya yi shiru, ya sake ɗauka.
Wajen ƙarfe biyar ɗigon ya soma sassautawa,
kore na tsiyaya ta ƙofofin da idona bai kai gare su ba.

Na zubar da gahawar Ortwin, na wanke kofin.
Na warware takardar a kan benci,
na goge ninkin da gefen hannu.
Alƙalamin ya ƙi rubutu, sai da na hura masa iska.