Layi Na Arba'in Da Bakwai

Ƙarfe biyun dare a Gangare.
Sanyi ya shigo ta ƙasan ƙofa, ya zauna a yatsuna.
Janareton maƙwabta ya yi tari sau biyu, ya haƙura.
Saura ni, da ragowar caji,
da saƙon Kangyang daga Bukuru:
"Manhajarku ta ƙi haɗuwa a na'urata.
Da ta kai layi na arba'in da bakwai sai ta cije."

Na san layin. Hannuna ne.
Na rubuta shi ranar da muke sauri,
'yan dankalin Farin Gada na tsaye a kanmu
suna jiran abin da zai ƙirga musu buhuna.
Cewa yake: je ka ɗauko ƙunshin can,
na kamfanin da ke buga rasit,
ƙunshin da aka ɗaure bakinsa tun daga masana'anta,
ba a kwancewa, ba a leƙawa,
haɗiyewa kawai ake yi.

Ita kuwa na'urar Kangyang
ba ta haɗiye abin da ba ta tauna ba.
Tsarin da ke kanta, daga saiwa har ganye,
babu harafin da aka ɓoye wa mai karatu,
babu ɗakin da aka ce na mai gida ne shi kaɗai.

Da yamma Sagir ya ce mini,
yana hura shayinsa:
"Mutum nawa ne? Ita kaɗai ce fa.
Don ƙwaya ɗaya za a farke buhu a sake ɗinki?"
Na yi shiru. Lissafinsa daidai ne.

Sai dai kakana ya haƙa kuza a Barikin Ladi
har bayansa ya lanƙwashe kamar lauje,
bai taɓa ganin takardar da ta faɗi inda ake kai ta ba.
Suka tafi da taswira, suka bar mana kududdufai,
ruwa kore, kwance, mai kyan gani,
ba wanda ya san zurfinsa sai wanda ya nutse.
Ni ba na son in bar wa kowa irin wannan ruwan
a tsakiyar abin da na gina.

Na tsaga layin biyu.
In kana son ƙunshin, ga shi can, da saninka.
In ba ka so, biyo ta nan:
hanyar ƙafa ce, na sare ta da kaina a daren nan,
ba ta da kwalta, ga tuntuɓe,
amma kowane dutse a fili yake.

Na jawo tsohuwar kwamfutar nan
mai karyayyen wuya, da muke tokarewa da bulo,
na wanke mata ciki, na zuba mata tsarin su Kangyang,
na ce: ke ce mai gadi daga yau.
Duk abin da muka rubuta, ke za ki fara haɗawa.
In kin ƙi, ba ya fita.

Rubutu ya yi ta gangarowa a baƙin allo
kamar ruwan Agusta a kan kwano.
Arba'in da biyar. Arba'in da shida.
Na riƙe numfashi.
Ya wuce, ko waiwaye bai yi ba.

Caji saura huɗu. Na tura. Na kwanta da takalmi.

Da hantsi amsarta ta iso, ba ko gaisuwa:
"Ta haɗu.
Amma rasit ɗinka yana cinye ƙugiyar ƙ da ɗ,
ya mai da ƙari kari.
Na buɗe na gyara. Duba layi na sittin."

Na duba.
Ya fi nawa tsabta.
Sagir ya leƙo ta kafaɗata, ya daɗe yana karantawa,
sannan ya ce, "Tambaye ta ko tana da lokaci ran Asabar."