Sha Biyu Kacal

A Tudun Wada, gindin wata darbejiya,
inda masu hoto ke jiran ɗalibai su gangaro daga Kwango,
nan na gane kyamara ma kamar ɗariƙa ce:
kowa na ganin tasa ce hanya.

Maigidana Malam Barau ɗan Yashika ne,
mai ido biyu, ɗaya bisa ɗaya.
Ba ya kai ta fuska.
A cikinsa yake rungume ta, ya sunkuya, ya leƙa ta sama
kamar mai duba ko rijiya ta kawo ruwa.
Yakan ce, "Wanda za ka ɗauki fuskarsa,
rusuna masa tukuna."

Rasaki na Sabon Gari Nikon ya rataya,
baƙa wuluk, kusurwoyinta sun goge har tagulla ta bayyana.
Ya rantse ta taɓa faɗowa daga kan Besfa a Kwangila,
kwalta ce ta ji ciwo.
Barau ya ce, "Ai bindiga ce wannan.
Ka kanne ido, ka auna bawan Allah,
kuma kana so ya yi maka murmushi?"

Jatau na Wusasa bai cika magana ba.
Fentas ɗinsa jaka ce, in ji shi,
da batir ko babu sai ta kai kaya gida.
Da Tanimu ya sayar da akuyoyi biyar
ya dawo daga Kaduna da Kanon mai auna haske da kanta,
Barau ya juya ta, ya miƙa masa:
"Saura ta koyi karɓar kuɗi, sai ka koma gona."

Fim ɗinsu talatin da shida yake ci.
Namu sha biyu.
Sha biyu kacal, ni ke ƙirgawa,
ni ke lasar takardar in liƙe bakin naɗin.
Ranar yaye ɗalibai a Samaru
su ƙyas, ƙyas, ƙyas, kamar masu sheƙa gero,
shi kuwa yana tsaye kan wata tsohuwa daga Giwa,
yana jiran ta manta da shi,
ta kai hannu ta gyara wa ɗanta tuntun hula.
Sai sannan.
Ni yunwa, ni haushi, layinmu ya koma wurin Rasaki.

Da dare a ɗakin duhu, ƙarƙashin jan ƙwai,
hannun nan nata ya taso daga cikin ruwan magani,
jijiya bayan jijiya, har kaushin fartanya.
Bai ce mini komai ba. Ya rataye shi a igiya.

Shekara talatin suna wannan musu,
shayi ɗaya, benci ɗaya, ba wanda ya sauka.
Waya ta zo ta raba gardamar ba ta tambayi kowa ba.

Da ya cika, ranar sadakar uku,
muka zazzage akwatuna bakwai:
rabin Zariya na ciki, amare da 'yan ƙwallo da masu neman fasfo,
babu shi.
Mutumin da ya tsare fuskar kowa bai ajiye tasa ba.

Sai ga Rasaki da sanda, da ambulan da ya yi ja.
Ya ce, "Na sace shi tun shekarar canjin kuɗi.
Da ya san Nikon ce ta ɗauka, da ya yaga."

Muka taru a kai.
Ga darbejiyar, ga bencin, ga rigarsa mai aljihu huɗu.
Fuskar ce dai babu.
Ya sunkuya kan Yashikarsa,
tsakar hula kawai ake gani,
yana rusuna wa wani da bai shiga hoton ba.

Tana nan kan kantata, madaurinta ya bushe.
Tagar ƙirgen ta tsaya a kan tara.
Ban buɗe ba.
Saura uku.