Wayar da Ke Rataye a Ƙofa

A Suwame na koyi aiki, gun Masta Gariba,
can ƙasan gangare, inda baƙin mai ya rina ƙasa,
inda guduma ke sallama kafin rana ta wanke ido.
Shekara biyu ina miƙa sifana, ban taɓa inji ba,
rannan ya ce, "Issaka, fara da waya."

Na ji haushi. Wayar birkin hannu?
Sa'o'ina suna sauke giyabos,
ni an ba ni igiya.

Ya ce, "Kawo tsumma." Na kawo.
Ya naɗe wayar, ya ja a hankali kamar mai lalube a duhu.
Tsumma ya maƙale.
"Ka ji? Silli guda ya tsinke.
Ido yakan yi kara, tsumma ba ya ƙarya.

"In za ka saye, tafi da tsohuwar a hannu.
Gwada tsawo da tsawo, kai da kai.
Ta ƙaramar bas ba ta zama a babbar mota
ko mai shago ya rantse da kabarin kakansa.
Lanƙwasa ta. In rigarta ta tsage, ajiye masa.
In araharta ta sa ka murmushi,
haɗiye murmushin, ka yi tambaya.

"Daminar Kumasi ba ta da dangi.
Ruwa kan shiga ta 'yar tsaga, ya kwana, ya haifi tsatsa.
Kar ka cika mata giris, yashi maiƙo yake bi.
Kar ta jingina da salansa.
Ja hannun birki, ka ƙirga: ƙas, ƙas, ƙas.
In ya zarce inda ya saba tsayawa, ta saki jiki,
shiga ƙarƙashi, ko rigar Juma'a ce a wuya."

Wata Laraba ya tafi jana'iza Aboabo.
Kwaku Fosu ya shigo da torotoro,
fasinja na jira a Kejetiya,
yana kaɗa makulli, yana duban agogo.
Na leƙa da ido. Tsumma na kafaɗata, ban sauke shi ba.
Na ce, "Lafiya lau."
Ya ba ni sidi biyar, na sa aljihu, na juya.

Da la'asar ya tsaya a hawan Bantama,
ya ja hannu, ya sauka sayen ruwa.
Mota ta yi jim, sannan ta kama tafiya da baya.

Ba ta kashe kowa ba, Allah Ya tsare.
Teburin Mma Zeliya ta samu:
tukunyar koko, ƙosai faranti guda, kofuna,
duk suka bi kwata.
Jikarta ce ke zaune a wurin,
aka aike ta neman canji, ko kwana ba ta sha ba.
Ba tukunyar ke tashe ni tsakar dare ba,
kujerar yarinya.

Masta bai zage ni ba. Da ma ya zaga.
Da kansa ya ciro wayar, ya feɗe rigarta,
ciki ja wur, yana marmashewa a tafin hannu.
Ya buga ƙusa a ƙofar rumfa, ya rataya.

Wata huɗu kuɗin abincina na tafiya Bantama.
Kullum na kai, sai ta zuba mini koko,
ba sukari, ba magana.
Na sha a tsaye, ina haɗawa da kunya.

Yau Masta na kwance a Tafo, rumfar ta zama tawa.
An sake kwano, an sake ƙofa, ƙusar dai na mayar.
Sabon yaro, Mumuni, ya dube ta jiya:
"Masta, wannan ruɓaɓɓiyar fa? In jefar?"
Na ce, "Bar ta. Ɗauko tsumma.
Ga bas can ta Tamale, mutum talatin za ta ɗauka,
kowa da mai jiransa a ƙarshen hanya."