Mai Yashi a Hanyar Ghum

Tazarar dogon nan ƙafa biyu ce kacal,
hannuwana kan dafa ƙarfen duka biyu.
Ƙafafunsa huɗu, tankin ruwa a gadon baya
kamar goyo. Dawa Lepcha na ɗura masa kwal.

Ni ina gaba, a kan goshinsa,
buhun yashi tsakanin gwiwoyina.
Ruwan daren jiya ya bar santsi,
ya yi tari, ƙafafu na juyi a wuri ɗaya.

Na watsa tafi guda. Ya kama.
Na ƙara. Ya hau.

Maƙeran Glasgow sun lissafa tururi,
sun auna nauyi,
amma hazon Ghum ba ya karatu.
Gonakin shayi sun koma ƙasa da mu,
yashi ya cinye min farce.