Hannun Riga

A ajinmu na Kusiri, ranar Laraba,
Malam Njidda ya rubuta a allo:
wai Bature in faɗa ya matso,
sai ya naɗe hannun riga.
Ya ce ba lalle a kai naushi ba,
ko aiki ne mai wuya, haka ake cewa.
Muka kwafa. Aka kaɗa ƙararrawa.

Na kai wa Baba a shagon ɗinki.
Ya ciji zare, ya tofar, ya yi dariya:
"Mai tausayin rigarsa
bai gama shawarar faɗa ba tukuna.
Mu ɗamara muke ɗaurawa
a ciki, inda tsoro yake kwana."

Washegari a bakin gadar Ngeli
ɗan duwan ya riƙe kwandon kifin Inna Asta.
Rigarta ko hannu babu.
Ta ajiye gammo, ta sassauta zani,
ta sake ɗaure shi tamau,
ba ta ce uffan ba.
Mutumin ya dubi kogi, ya dubi ƙullin,
ya miƙo kwando.

Ran jarrabawa aka ce a kawo misali.
Na rubuta sunanta.
Malam ya ja jan biro a kai,
wai ban gane darasi ba.