Kuɗin da Ba Ya Sayen Gishiri

Shekara talatin ina auna auduga a Garwa,
fari a hannu, fari a gemu, fari har cikin tari.
Da na ajiye aiki sai na yi marmarin abu mai nauyi,
ƙarami, wanda tafin hannu zai san an ɗora masa.

Na farkon Jibrilla ne ya kawo daga Duwala,
wani ma'aikacin jirgin ruwa ya biya shi bashi da shi.
Zinare, da kunkurun teku a bayansa,
da sunan ƙasa: Tubalu.
Malamin makarantar unguwa ya shimfiɗa taswira,
ya nema har ya yi gumi,
ya ce: ko kashin ƙuda ne wannan, ko ita ce.

Yau bakwai gare ni a gwangwanin shayi,
kowanne naɗe cikin audugar da ta cinye ƙirjina.
Samowa da kwalekwalenta mai ɗan rakiya a gefe,
Tonga, Fiji, da Palawu mai wani kifi
da na nuna wa masuntan Binuwai suka yi tsit.

Dudu ta ce: kuɗin da ba ya sayen gishiri,
da wane suna za a kira shi?
Na ce ko a garinsu ba a cefane da shi,
don tunawa aka buga.
Ta ce: tuna me, kai da ba ka taɓa ganin teku ba?
Na rufe gwangwanina.

Mahamat Nur maƙeri ya ɗora ɗaya a sikeli,
ya ce ya narka min, a fitar wa jikata 'yan kunne.
Na karɓe abina.
Wuta ba ta karatu, ba ta san kunkuru ba.

Rannan na ji a rediyo wai teku na cin gonakinsu.
Ubana daga bakin tafkin Cadi ya taso,
ruwa ne ya gudu ya bar shi da taru a kafaɗa.
Su kuma yana bin su har ɗaka.

Bana da kogi ya cika ya leƙo layinmu,
Dudu na kwashe buhun dawa,
ni ina kan kujera, gwiwa na rawa,
ina tura gwangwani can saman kabad.
Ƙasa bakwai na ɗaga daga ruwa.
Iyakar ƙarfin tsoho ke nan.