Girisin Nomau

A kan rufin likitar Sura Bildi
kwano na gasa ni ta cikin takalmi.
Na ɗauki bulon zan murɗa,
yunwa na gaggauta mini hannu.
Nomau ya riƙe ni.
"Ka shafa masa?"

Na ce sabo ne dal, ko ɗigon tsatsa babu,
fari kamar haƙorin yaro.
Ya ce farin ƙarfen shi ne mugun:
in ya shiga ɗan'uwansa a bushe
sai zafi ya taso, su ciji juna,
ba gaba, ba baya,
sai zarto ya zo rabon faɗa.

Ya buɗe tsohon gwangwanin tumatir,
ya lakato girisi, bai kai ƙwayar gujiya ba,
ya bi zaren bulon da shi
kamar mai shafa wa jinjiri man kaɗe.
"Da yatsu tukuna. Kile daga baya.
Injin nan mai kuka, bar shi cikin jaka."

Fano goma sha shida muka kafa ran nan,
bulon sittin da huɗu.
Don haushi na ƙirga.
Daga ƙasa ungozoma Cima na ɗaga murya:
yaushe firijin allura zai tashi?
Ya ce gobe, in rana ta yarda.

A bayan babur na ce masa,
wa zai hau can ya duba?
Ya ce, "Ba don yau na yi ba.
Mai kwancewa nake yi wa."

Damina bakwai ke nan.
Nomau ya riga mu gidan gaskiya tun bara waccan.
Jiya aka kira ni, fano ɗaya ya tsage.
Na hau da zarto a jaka,
don na sha ganin aikin mutane.
Na sa kile lamba goma sha uku,
na cije leɓe, na tattara ƙarfi.

Sai ya juya.
Ba ƙara, ba gardama,
kamar jiya aka ɗaure shi.

Baƙin maiƙo ya shafe mini yatsa.
Na tsaya ina kallo, rana na dukan ƙeyata,
har yaron da ke riƙe tsani ya ce,
"Maigida, lafiya?"

Na ce ya hawo da gwangwanin.